Kafin Ka Ba da Hayar Sunan Kasuwancinka

(Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a wajen taron ƙara wa juna sani na 'yan'uwa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wanda aka yi a Sabon Garin Zariya. Mun kawo shi ne saboda yawan waɗanda suka nemi a buga shi.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana ciniki, Ya haramta mana cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka san shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, abin da ya jawo wannan magana shi ne wata tambaya da wani ɗan'uwa ya zo mini da ita kwanakin baya bayan sallar Isha'i. Mai gidan burodi ne a nan Sabon Gari, ya fi shekara goma yana sana'ar, kuma Allah Ya sa masa albarka, har masu shayi kan yi layi a ƙofarsa tun da asuba. Ya ce mutum biyu ne suka same shi, ɗaya daga Samaru, ɗaya daga Funtuwa. Kowannensu zai gina gidan burodi da kuɗinsa, ya ɗauki ma'aikatansa, abin da kawai yake so shi ne a yarje masa ya buga sunan wannan ɗan'uwa a jikin leda, a koya masa kwaɓin, shi kuma ya riƙa biyan wani abu duk wata. Ya ce, "Malam, kuɗi ne za su riƙa shigo mini ina zaune. Shin halal ne?"

Na ce masa tambayarsa guda biyu ce ya haɗe. Ta farko, shin Shari'a ta yarda? Ta biyu, shin ya kamace ka, kai da kasuwancinka, a halin da kake ciki yanzu? Abu yakan halatta amma ya zama bai kamaci mutum ba. To, waɗannan tambayoyi biyu su ne za mu duba a yau, in Allah Ya yarda.

MENE NE HAYAR SUNA?

Wannan hulɗa ita ce Turawa ke kira farancayis. Mu a nan za mu kira ta hayar suna. Ma'anarta ita ce mai kasuwancin da ya yi suna ya ba wani izinin ya yi amfani da sunansa da tambarinsa da tsarin aikinsa, a wani wuri da aka iyakance, na wani lokaci da aka iyakance, a kan wani lada da aka yi yarjejeniya. Jari na mai karɓa ne, riba da asara ma nasa ne. Mai suna kuwa, abin da ke kansa shi ne koyarwa da sa ido.

Mun daɗe muna ganin irinta ba tare da mun lura ba. Lemon Coca-Cola da ake sha a ƙasar nan, kamfanin Nigerian Bottling Company da aka kafa a 1951 ne yake yin sa da izinin masu sunan da ke Amurka. Motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da izinin kamfanin Faransa aka yi su. Gidajen mai da yawa da muke gani da tambarin manyan kamfanoni, dillalai ne ke gudanar da su. A duniya kuwa, wanda ya fi shahara da wannan tsari shi ne McDonald's, wanda wani mai suna Ray Kroc ya buɗe shagonsa na farko da sunan a 1955, kuma a yau mafi yawan shagunansa, fiye da tara cikin goma, ba kamfanin ne ke gudanar da su ba.

Har wa yau, shi kansa garin da muke zaune a cikinsa, irin wannan hulɗa ce ta raine shi. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan da dogo ya iso Zariya a 1911, kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu, har ga shi yau muna kiran wata unguwa PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Waɗannan kamfanoni ba su shiga ƙauyuka da ƙafarsu ba, wakilai suka samu daga cikinmu. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi wa kamfanin Turawa sayen gyaɗa, shi ma kuma yana da nasa wakilan a garuruwa. Kafin su ma, fataken goro da ke zuwa Gwanja, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da sunan maigida ake ba yaro bashi a zango, fatoma ya tsaya masa.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan ne hatsarin yake. A tsarin iyayenmu, sunan maigida yana bin yaron da ya raina ne, wanda ya ci tuwon gidansa shekara da shekaru, ya san halinsa ciki da bai. A tsarin hayar suna kuwa, sau da yawa baƙo ne zai zo da kuɗinsa, abin da ya haɗa ku takarda ce kawai. Saboda haka abin da tarbiyya ke yi a wancan tsari, dole a nan rubutu da horo da sa ido su yi shi. Idan babu waɗannan uku, to babu abin da ya rage sai suna a jikin leda.

MATSAYIN SHARI'A

Asalin mu'amala halacci ne, sai in wani abin hani ya shigo. Tambayar da malamai suka fara yi ita ce, shin suna dukiya ne da za a iya sayarwa ko a ba da haya, alhali ba a taɓa shi da hannu? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta kuma yanke cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙoƙi ne na masu su, suna da daraja ta kuɗi, ba ya halatta a yi musu ta'adi, kuma ya halatta a karɓi kuɗi a kansu matuƙar babu ruɗi, babu yaudara, babu algus. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin a kansa ne maganarmu ta yau ta rataya.

Me ya sa mai shayi yake sayen burodin wane, ya bar na wane? Saboda sunan da ke jikin ledar yana yi masa alkawari: nauyi kaza ne, sukari ya ji, ba a sa maganin kumburi mai cutarwa ba, zai kwana biyu bai lalace ba. Wato suna shaida ce da kake bayarwa ga wanda bai ga kwaɓinka ba. To, ranar da ka ɗora sunanka a kan burodin da ba kai ka gasa ba, ka zama mai ba da shaida a kan aikin wani. In ya rage awo, da sunanka aka rage. In ya zuba sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta hana sa shi a burodi tun farkon shekarun 2000, da sunanka aka cuci mutane. Mun san ƙissar da ta inganta, ta lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, da irin kakkausar maganar da ya yi wa mai abincin. Kyakkyawan suna a kan mugun kaya, shi ne busasshen da aka rufe jiƙaƙƙe da shi. Ba zai yiwu mutum ya karɓi kuɗin wata-wata, sannan ya ce ba ruwansa da abin da ake yi a can ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan wannan, akwai ramuka huɗu da 'yan'uwa kan faɗa a cikinsu wajen ƙulla irin wannan yarjejeniya.

Na farko, cakuɗa hayar suna da ƙirali. Ƙirali, wanda wasu ke kira mudaraba, shi ne ka ba mutum jari ya juya, ku raba riba da rabo sananne, kamar rabi ko sulusi. A mazhabar Malikiyya ba ya inganta ka yanka wa kanka adadin kuɗi tsayayye, ba ya kuma inganta ka ɗora masa lamunin jarin in asara ta zo ba da sakacinsa ba. Saboda haka wanda ya ba da jari da suna gaba ɗaya, sannan ya ce, "Ko ka ci riba ko ka faɗi, dubu kaza nake so duk wata, kuma jarina yana nan," to wannan ya bar ciniki ya shiga cin kuɗin ruwa, ko da wane suna ya kira abin.

Na biyu, haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya. Alal misali ka ranta masa kuɗin gina tanda, bisa sharaɗin ba zai sayi fulawa da leda ba sai a wurinka, a farashin da ka ga dama. Rancen ya jawo maka amfani ke nan, kuma hani a kan haɗa rance da ciniki sananne ne a littattafanmu. In akwai kayan da ingancin sana'ar ya rataya a kansu, kamar haɗin yaji a wurin mai kilishi, babu laifi a ce daga wurinka za a saya, amma a raba shi da maganar rance, kuma farashin ya zama na adalci.

Na uku, tarar jinkiri. Yawancin takardun da lauyoyi kan kwafo suna ɗauke da sharaɗin cewa in an yi jinkirin biya za a ƙara kashi kaza. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuɗin ruwa ne tsantsa. A cire shi, a sa jingina ko mai tsayawa, ko haƙƙin warware yarjejeniya.

Na huɗu, jahiltar lada. A babin haya, malamanmu sun sharɗanta lada ya zama sananne, lokaci ma ya zama sananne. Kuɗi tsayayye duk wata babu saɓani a kansa. Amma a ce kashi kaza cikin ɗari na abin da aka sayar, a nan malamai sun yi saɓani: wasu sun ƙi saboda ba a san adadinsa ba ranar ƙulli, wasu kuma, musamman daga Hambaliyya da malaman wannan zamani da dama, sun yarda saboda hanyar lissafinsa sananniya ce, ba ta kai wa ga jayayya in ana rubuta ciniki. Duk wanda zai ɗauka, ya zauna da malamin da ya san babin ciniki kafin ya sa hannu, ba bayan rigima ta tashi ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) yakan hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwa.

SHIN KASUWANCINKA YA ISA?

Mu koma ga tambaya ta biyu. Na ce wa wancan ɗan'uwa ya amsa mini abu huɗu, ku ma kowa ya amsa wa kansa.

Shin kasuwancin yana tafiya in ba ka nan? Ka tuna lokacin da ka tafi aikin Hajji ko ka kwanta rashin lafiya. In masu saye sun ce burodin ya canza a wannan wata ɗaya, to albarkar tana hannunka ne, ba ta shiga tsari ba tukuna. Abin da ya kasa tsayuwa a shagonka da kake kwana kusa da shi, ba zai tsayu a Funtuwa ba.

Shin za ka iya rubuta aikin? Buhun fulawa ɗaya, sukari nawa, yis nawa, bota nawa, ruwa nawa, minti nawa a injin kwaɓi, nauyin kowane curi a kan sikeli, burodi nawa ya kamata buhu ya fitar. Da yawanmu sana'armu a ka take, da ido muke awo. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba a iya koyar da shi iri ɗaya sau biyu, ba a kuma iya kama wanda ya saɓa masa. Kamfanin McDonald's da muka ambata, tun 1961 ya buɗe makaranta ta musamman don horar da masu karɓar sunansa.

Shin ribar za ta ciyar da gida biyu? Bari mu yi lissafi na misali. A ce sabon gidan burodin yana cinikin naira miliyan 6 a wata, bayan an fitar da kuɗin fulawa da itace da albashi da haya, riba ta tsaya a kan kashi 10 cikin 100, wato naira 600,000. In kai mai suna kana karɓar kashi 4 cikin 100 na ciniki, naira 240,000 ke nan, shi ya tashi da 360,000. Daga naka kuma za ka biya wanda zai riƙa zuwa dubawa, da kuɗin motarsa, da kuɗin horar da ma'aikata. A ce sun ci 150,000, abin da ya rage maka 90,000 ne. To, ka auna: saboda wannan adadi ne za ka jingina sunan da ka yi shekara goma kana ginawa? In kuwa ka ce za ka bar zuwa dubawa don kuɗin su yi auki, ka koma ga maganar shaidar da muka yi a baya.

Shin sunan naka ne a hukumance? Da yawa suna zaton rajistar da suka yi a hukumar CAC ta wadatar. Waccan rajistar sunan kasuwanci ce. Tambari kuwa, ofishinsa dabam ne, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, kuma bisa dokar tambari ta 1965 rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Wanda bai yi wannan ba, ranar da suka ɓata da abokin hulɗarsa zai sha wuya kafin ya sa a sauke allon. Masu abinci da ruwan leda kuma su sani, lambar NAFDAC ana ba da ita ne bayan an duba wurin da ake yin kayan. Ba a aron ta a buga a kan kayan da aka yi a wani wurin da hukuma ba ta gani ba. Yin haka saɓa wa doka ne, kuma ƙarya ce ga mai saye.

DARASI DAGA GIDAJE BIYU

Manyanmu a nan sun san Mr Bigg's. Kamfanin UAC ne ya buɗe shi a Legas a 1986, ya bunƙasa har shagunansa suka haura 150 a faɗin ƙasar nan. Kamfanin ya mayar da kusan dukkan shagunan hannun masu hayar suna, a 2013 kuma wani kamfanin Afirka ta Kudu mai suna Famous Brands ya sayi kashi 49 cikin 100 na wannan sashe. A shekarun da suka biyo baya shaguna da yawa sun rufe, masu saye suna kukan cewa abin da za ka ci a wannan shago dabam, na wancan dabam, ga kuma sababbin abokan gasa sun shigo. Wannan fa kamfani ne mai lauyoyi da akantoci da tarihi mai tsawo. In sa ido a kan shagunan wasu ya yi masa nauyi, ina ga ni da kai? Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma mai saye ba ya tambayar wane ne mai wannan reshe, sunan kawai yake gani.

Ɗaya gidan kuma alhazanmu sun san shi, wato Albaik, mai soyayyar kaza. A Jidda aka kafa shi a 1974. Duk da irin layin da ake yi a ƙofarsa, shekaru masu yawa bai wuce yankin Jidda da Makka da Madina ba, kuma sai da ya haura shekara 40 kafin ya buɗe shago a wajen Saudiyya, a Bahrain a 2020, sannan Dubai a 2021. Babu shakka masu neman a ba su sunan ba su yanke ba a duk tsawon wannan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa. A nan gida ma muna da sunayen da suka tashi daga Zariya suka isa Abuja, irin su gidan abinci na Shagalinku, abin da ke nuna cewa sunan da aka gina a kan inganci yana iya tafiya.

Ba ina cewa hayar suna mugun abu ba ce. Tana da alheri babba: mai ƙaramin jari ya samu sana'ar da aka riga aka gwada, matasa su samu aiki, mai suna ya faɗaɗa ba tare da ya je banki ya ci bashin ruwa ba. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa ya sa mu kula da ita. Abin da nake cewa shi ne ba ita kaɗai ce hanya ba. Kana iya buɗe reshe da kuɗinka ka sa ma'aikaci. Kana iya yin ƙirali ko tarayya da yaronka da ka yarda da shi. Kana iya sallamarsa da jari ya kafa nasa da sunansa, kamar yadda iyayenmu suka yi, kamar kuma yadda maƙwabtanmu Ibo na kasuwar Sabon Gari suke yi har gobe. Kana iya tsayawa a kan yin kaya a wuri ɗaya, ka naɗa wakilan sayarwa kawai. Wannan ta ƙarshe ita ta fi sauƙin tsarewa, domin kwaɓin bai bar gabanka ba.

IN KA YANKE SHAWARAR BAYARWA

Ka fara da gwaji. Buɗe reshe ɗaya da kuɗinka, nesa kaɗan da kai, ka bar wani ya gudanar da shi da rubutaccen tsarin nan har shekara ta zagayo, ya ga azumi, ya ga damina, ya ga lokacin tsadar fulawa. In ya tsaya, ka samu abin da za ka nuna wa mai zuwa. Gani ya kori ji.

Ka zaɓi mutum kafin ka dubi kuɗinsa. Tambayi waɗanda suka yi hulɗar bashi da shi, da waɗanda suka yi masa aiki. Wanda ke danne albashin ma'aikatansa, zai danne awo. Kuma ka sharɗanta shi da kansa zai zo ya koyi aikin, ba ya turo yaro ba.

Ka faɗa masa gaskiyar lissafi. A Amurka, tun 1979 doka ta wajabta wa mai ba da hayar suna ya miƙa wa mai karɓa cikakken bayani a rubuce kafin a ƙulla, kuma a yanzu sai an ba shi aƙalla kwana 14 yana nazari kafin ya sa hannu ko ya biya ko kwabo. Mu kuwa Shari'a ta riga ta ɗora mana bayyana aibin abin sayarwa. Nuna masa watannin riba, ka nuna masa na faɗuwa.

Ku rubuta komai, da shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau wasunmu suna ganin neman a rubuta rashin yarda ne. A rubuta iyakar yankin da aka ba shi, don kada gobe ka ba wani izini a Kwangila alhali na Samaru yana ganin yankinsa ne. A rubuta tsawon lokaci, shekara biyu ko uku da za a iya sabuntawa. A rubuta haƙƙinka na shiga dubawa ba tare da sanarwa ba, da laifuffukan da za su sa a sauke allo nan take, kamar rage awo da sa abin da aka hana. A rubuta abin da zai faru in ɗayanku ya rasu, domin haƙƙin suna yana shiga gado, magada kuma ba lalle su san abin da kuka faɗa da baki ba. A ambaci waɗanda za su yi sulhu in saɓani ya auku, tun ana ganin mutuncin juna.

Ku kuma tanadi sassauci don ranar masifa. Mu mutanen wannan yanki mun san yadda cinikin Samaru ya rataya a kan Jami'ar Ahmadu Bello. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowa kuma ya ga yadda shaguna suka zama kufai. Koma kan lissafinmu na ɗazu: in ciniki ya faɗo zuwa miliyan 2, riba ta koma 200,000, kai kuma ka yanka masa 240,000 tsayayyu, to kana cin jarinsa ne. Haka abin yake in farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Malaman Malikiyya sun yi bayani mai faɗi a kan rage wa mai saye kuɗi in annoba ta afka wa 'ya'yan itacen da ya saya. Ko da mas'alar ba ɗaya ba ce, ta koya mana cewa ba a barin ɗan'uwa ya ɗauki masifa shi kaɗai kai kana karɓar naka cif-cif.

Kai kuma mai neman a ba ka suna, nasihata gare ka gajeriya ce. Je ka zauna a shagon mai sunan mako guda ka ƙirga masu shiga da idonka. Ka tambayi abin da za a ba ka bayan allo: horo nawa, ziyara nawa. Sannan ka sani sirrin sana'ar da aka koya maka amana ce. Ka koye shi, ka canza harafi ɗaya a sunan, ka buɗe naka a gefe, wannan ha'inci ne ko da kotu ba ta kama ka ba.

Shi wancan ɗan'uwa mai burodi, da muka bi tambayoyin nan huɗu, sai ya tarar biyu kawai ya iya amsawa. Tambarinsa ba shi da rajista, kwaɓinsa kuma a kansa yake shi da babban yaronsa. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce ya ba mutumin Funtuwa haƙuri a bana, na Samaru kuma ya naɗa shi wakilin sayarwa, ana kai masa burodi daga nan kowace asuba. A cikin wannan shekara zai yi rajista, ya rubuta aikinsa, ya gwada reshe ɗaya a hannun yaronsa bisa tarayya. In Allah Ya kai mu baɗi, sai a sake zama. Ya ce mini yana tsoron kada mutumin Funtuwa ya tafi wurin wani. Na ce yana iya tafiya, kuma arzikin da Allah Ya rubuta maka ba zai bi shi ba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da ke wannan zaure da su haɗa ɗan kwamiti, malami ɗaya da lauya ɗaya da akanta ɗaya daga cikin 'yan'uwa, su tsara takardar yarjejeniya ta misali da Hausa, wadda aka tsarkake daga kuɗin ruwa da ruɗi, don duk mai bukata ya samu abin dubawa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa sunayenmu su zama shaidar alheri gare mu ranar da za a tambayi kowa ina ya samo dukiyarsa, ina kuma ya kashe ta.